Kundin aikin kwaikwayon rodofsin a kwamfuta, Janairu zuwa Yuli 2025

13 ga Janairu, 2025

An tsayar da ma'aunin da za a yi wa samfurin hukunci da shi tun kafin a taɓa kwamfuta. Abu uku ne, kuma duka an riga an auna su a ɗakin gwaji. Na farko launin hasken da rodofsin na idon saniya, furotin mai kama haske, ya fi sha, mai tsawon zango nanomita 498, tsakanin shuɗi da kore. Na biyu saurin juyawar retinal, sinadarin da ke cikin rodofsin, wadda rukunin Mathies da Shank suka auna a Berkeley ta Amurka a 1991, suka ga tana kammaluwa cikin femtosakan 200. Femtosakan ɗaya shi ne sakan da aka raba gida miliyan, aka sake raba kowane gida biliyan. Na uku kason nasara: cikin ƙwayoyin haske 100 da furotin ɗin ya sha, kimanin 65 ne suke juya retinal, sauran kuwa sai su tashi a zafi. Samfurin da bai kamo waɗannan ba, ba za a saurare shi a kan abin da ba a auna ba.

Rodofsin yana zaune ne a cikin faya-fayan tantani na ƙwayoyin sanda da ke bayan ido, waɗanda ake gani da su a duhu. Amino asid 348 gare shi, sun naɗe sun zama ginshiƙai bakwai da suka ratsa tantanin. A tsakiyarsu retinal yake, ɗan sinadarin da jiki ke samu daga bitamin A, ɗaure da Lys296, wato laisin da ke amino asid na 296, ta haɗin Schiff, ɗaurin karbon da naitorojin, mai ɗauke da furoton da cajin fozitif. A duhu retinal lanƙwashe yake a ɗaurin C11=C12, siffar da ake kira 11-cis. Da haske ya bugo shi sai ya miƙe. Gani gaba ɗayansa daga wannan miƙewar yake farawa.

Tsarin da aka zaɓa shi ne 1U19 na PDB, rumbun tsare-tsaren furotin, wanda Okada da abokan aikinsa suka fitar a 2004 da kaifin angistirom 2.2 (ƙaramar lamba ta fi kaifi). Tsarin farko, 1F88 na rukunin Palczewski a 2000, a 2.8 ya tsaya, wasu sassan madaukan furotin ba su fito ba. A 2.2 ana ganin ƙwayoyin ruwan da ke cikin furotin. Amma ko a nan ba a ganin haidurojin. Duk furoton da zai shiga samfurin, mu ne za mu sa shi da hannu.

21 ga Janairu, 2025

Sharar fayil. A cikin kiristal ɗin sarƙa biyu ce, A da B, suna kwance kai da ƙafa, yanayin da ba ya faruwa a ido. An riƙe A, an jefar da B. An cire makyuri da zinki da sabulun da aka ja furotin da shi daga tantani, domin duk kayan haɗa kiristal ne. An bar palmitet guda biyu da ke rataye a Cys322 da Cys323, saboda su ne ke ɗaure ɗan gajeren ginshiƙi na takwas a jikin tantani. Sukarin Asn2 da Asn15 an cire shi, ya yi nisa da retinal kuma zai kumbura akwatin ruwa ba gaira ba dalili. An tabbatar da gadar sulfa tsakanin Cys110 da Cys187. In manhaja ba ta gane ta ba, sai ta ba kowane sulfa haidurojin, madauki na biyu na waje da ke rufe retinal kamar murfi ya saki cikin 'yan nanosakan.

Ruwan da ke cikin furotin ba a taɓa shi ba. Yawancin manhajojin shirya fayil suna share ruwa baki ɗaya a matakin farko, kuma a yawancin furotin ba laifi. A nan laifi ne babba. Akwai ƙwayar ruwa kusa da Glu113, akwai wata tsakanin Glu181 da Ser186, duka a gefen haɗin Schiff. Aljihun a rufe yake, ruwan waje ba zai shigo ya cike gurbin ba cikin lokacin da kwaikwayo ke iya kaiwa.

4 ga Fabrairu, 2025

Rabon furoton. Nan ne aikin zai tsaya ko ya faɗi, don haka an dakata a kansa.

Dalilin yana cikin yadda retinal yake shan haske. A matakin ƙasa, S0, cajin fozitif ya fi taruwa wajen naitorojin na haɗin Schiff. Da ya sha haske ya hau matakin sama, S1, sai wani ɓangare na cajin ya zame ya bi sarƙar zuwa zoben da ke ɗaya ƙarshen. Mathies da Stryer sun auna wannan zamewar tun 1976. Saboda haka duk cajin negetif da ke kusa da naitorojin yana ƙara kwantar da S0, tazarar matakan biyu ta faɗaɗa, launi ya ja zuwa shuɗi. Wanda ke kusa da zoben kuma S1 yake kwantarwa, launi ya ja zuwa ja. Girman abin ba wasa ba ne. Retinal mai haɗin Schiff a sarari, babu komai kewaye da shi, kimanin nanomita 610 yake sha, kamar yadda aka auna a Aarhus ta Denmak. A cikin metanol 440. A cikin furotin 498. Sinadari ɗaya ne, maƙwabta ne suka bambanta.

Wasu wuraren babu gardama. Glu113 na ginshiƙi na uku yana da cajin negetif, shi ne abokin zaman haɗin Schiff. An san haka tun 1989 da 1990, lokacin da ɗakunan gwaji uku, na Khorana da na Oprian da na Nathans, suka musanya shi da gulutamin, furoton ya faɗi, launi ya koma wajen 380. Asp83 da Glu122 suna riƙe da furotonsu, babu caji, bisa awon infrared. His211 an bar shi babu caji, yana haɗe da Glu122. PROPKA, manhajar da ke hasashen inda furoton zai zauna, ta ba da ra'ayinta, amma ba a bi ta ido rufe a kan waɗanda ke binne cikin furotin ba, domin lissafin gaggawa take yi daga siffa guda ɗaya tak.

Glu181 ne rigimar. Yana kan madauki na biyu na waje, kusa da C12 na retinal, Tyr192 da Tyr268 suna riƙe da shi. Awon da rukunin Birge ya yi a 1985 ya nuna aljihun gaba ɗaya ba shi da caji, wato fozitif ɗaya da negetif ɗaya, ke nan Glu181 yana da furoton. A kan wannan aka gina ra'ayin 2003 cewa daga baya furoton yake tashi daga Glu181 ya koma Glu113, su yi musayar aiki. Awon infrared na 2005 kuwa ya karkata ga cewa tun a duhu Glu181 negetif ne. Shekaru ashirin ke nan kowane ɓangare yana da hujjarsa. Mun ƙi zaɓa. An gina samfuri biyu, na ɗaya mai furoton a Glu181, na biyu marar shi, kuma duk lissafin da ke gaba sau biyu za a yi shi. Kuɗin kwamfuta ya ninka, amma ya fi a gina watanni shida a kan zato.

19 ga Fabrairu, 2025

An dasa furotin a tantani da manhajar CHARMM-GUI. Ba kitsen POPC zalla aka yi amfani da shi ba, duk da shi ne mai sauƙi. Kitsen faya-fayan ido cike yake da DHA, mai karbon 22 da tagwayen ɗauri shida, mai laushi ƙwarai, kuma an san yana taimaka wa rodofsin ya kunnu. An bi haɗin da Grossfield da Feller da Pitman suka yi amfani da shi a 2006: kitsen SDPC biyu, na SDPE biyu, duka masu DHA, kolestarol ɗaya. Ruwa samfurin TIP3P, gishiri mola 0.15, zafi kelbin 310, matsi bar 1, ana daidaita shi daban a shimfiɗar tantani da kuma tsayensa. Jadawalin ƙarfi, wato ƙa'idojin yadda atam ke jan juna da tura juna, CHARMM36m, injin GROMACS, taki femtosakan 2, ana rage ƙarfin janyo juna a hankali daga angistirom 10 zuwa 12. Wannan na ƙarshen ba ado ba ne. Da shi aka daidaita kitsen CHARMM, in an canza shi tantani yana matsewa ko ya baje.

Abu biyu sun lalace. Kwaikwayo ya tarwatse tun a takun farko da gargaɗin LINCS, sashen da ke riƙe tsawon ɗauri. Da aka duba atam ɗin da ke da ƙarfi mafi girma, sai aka ga wutsiyar wani kitse ta zura ta tsakiyar zoben wani tiriftofan na gefen furotin. Rage makamashi ba ya warware wannan, domin wutsiyar ba ta da hanyar fita sai ta karya zoben. An goge kitsen, an sake gini.

Na biyun ya fi haɗari saboda ba ya ƙara, shiru yake yi. Sunayen atam na retinal a fayil ɗin PDB ba su yi daidai da na fayil ɗin CHARMM ba, sai manhajar ta ɗauki wasu atam a matsayin ɓatattu, ta sake gina su daga teburinta na ciki. Teburin kuwa na retinal miƙaƙƙe ne. Samfurin ya gudu lafiya lau, alhali retinal ɗinsa ya riga ya juya babu haske. Yanzu akwai gwaji na dole bayan kowane mataki: a auna kusurwar C10-C11-C12-C13. Kusa da sifili take a 11-cis. In ta nufi digiri 180, a tsaya.

27 ga Fabrairu, 2025

Daidaitawa ta ƙare a matakai shida, ana sassauta ɗaurin furotin kaɗan-kaɗan. Ba a kunna mai kula da matsi na Parrinello-Rahman ba sai da girman akwati ya daina motsi, domin in an kunna shi da wuri akwatin lilo yake yi har ya fashe. Gadar gishiri tsakanin haɗin Schiff da Glu113 tana nan ƙasa da angistirom 3 a samfuran biyu. Makullin Arg135 da Glu247 na gefen ciki a rufe yake, kamar yadda ya kamata a duhu.

18 ga Maris, 2025

Jadawalin ƙarfi bai san haske ba. A wurinsa atam ƙwallo ne, ɗauri kuma sifirin, babu lantarkon da zai hau mataki. Don haka an raba samfurin gida biyu, hanyar QM/MM da Warshel da Levitt suka fara a 1976, wadda tana cikin ayyukan da suka kai su ga kyautar Nobel ta 2013 tare da Karplus. Retinal da ƙarshen Lys296 za a lissafa su da dokokin kwantum, sauran furotin da kitse da ruwa su zama cajoji da ke kewaye. An yanka a ɗaurin da ke tsakanin Cδ da Cε na laisin, an toshe wurin da haidurojin na aro. Atam 54 ke nan a ɓangaren kwantum, jimillar caji +1. Ba a yanka kusa da naitorojin ba, saboda nan ne cajin yake. An sake rarraba cajin atam ɗin MM, wato na ɓangaren da ba kwantum ba, da ke bakin yankan, in ba haka ba zai zauna dab da haidurojin na aro ya janye lantarkon zuwa inda babu dalili.

Hanyar kwantum ita ce wadda rukunin Olivucci na Siena ta Italiya ya daɗe yana bi: a gyara siffa da CASSCF, a gyara makamashi da CASPT2, a manhajar OpenMolcas haɗe da Tinker, tushen 6-31G*. Retinal yana da tagwayen ɗauri shida a jere, daga C5=C6 har C15=N, ke nan lantarko 12 a obital 12. Ana lissafa matakai uku tare, S0 da S1 da S2. Wata hanyar kwantum, TDDFT, ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma an yi amfani da ita don tace siffofi. Amma ba za ta kai mu ƙarshe ba, domin ba ta zana wurin da S1 da S0 suke haɗuwa daidai, kuma wurin nan ne labarin yake.

Matsalar makon nan obital ne da ke sulalewa. Zoben retinal a karkace yake daga sarƙar, don haka obital ɗin C5=C6 bai haɗu da sauran sosai ba. A wasu siffofin CASSCF ta fitar da shi daga cikin 12 ɗin ta shigo da wani na sigma. Lissafi ya kammala ba ƙorafi, lamba ta fito, amma ta wani sinadari ce daban. Alamar ita ce obital mai cika da ta kai 2.00 ko ta faɗi zuwa 0.00. Magani: a fara da ƙaramin tushe, a zana obital 12 ɗin a duba su da ido, sannan a ɗauke su zuwa babban tushe. Haka kuma S1 da S2 suna iya musayar matsayi. Ba a yarda da lambar jeri, ana duba wanne ne mai shan haske da ƙarfi kuma mai zamewar caji. Shi ne S1 na gaskiya.

Akwai kuma maɓallin IPEA na CASPT2. A manhajar 0.25 yake zuwa. Hanyar Siena sifili take sa shi, kuma sanannen abu ne cewa dacewarta da awo ta samu ne daga kurakurai biyu da ke cinye juna: CASSCF tana wuce gona da iri wajen bambanta dogon ɗauri da gajere, wanda ke ja zuwa shuɗi, IPEA sifili kuma yana ja zuwa ja. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya, sakamakonsa zai fi na wanda bai gyara komai ba muni. An bar shi a sifili, an rubuta haka a saman kowane fayil.

9 ga Afrilu, 2025

Launi. An ɗauki siffofi goma masu nisa da juna daga kowane samfuri, an gyara kowace, an ɗauki matsakaici. Siffa ɗaya ba ta isa ba, juyawar OH guda na serin ko na ruwa kusa da retinal tana motsa sakamakon.

Kafin a yi murna ko baƙin ciki da lamba, a yi wannan lissafin. Nanomita 498 daidai yake da kilokalori 57.4 a kowane mol. A wannan yankin kilokalori ɗaya kusan nanomita 9 ne. Kuskuren kilokalori 3, wanda ake ɗauka abin karɓa ne a irin wannan hanya, nanomita 26 ke nan. To, furotin mai ganin kore a idon mutum wajen 530 yake sha, mai ganin ja wajen 560, tazararsu kilokalori 2.9. Wato duk bambancin ja da kore yana iya ɓacewa cikin kuskuren hanyar. Samfurin da ya faɗo daidai kan 498 bai tabbatar da komai ba, yana iya zama sa'a.

Samfuran biyu duk sun shiga cikin kilokalori 3 na awo. Mai Glu181 negetif ya ɗan fi ja zuwa shuɗi, amma tazararsu ba ta wuce warwatsuwar siffofi goman ba. Dalilin a wurin zaman Glu181 yake: yana gefen tsakiyar sarƙar, inda cajin S0 da na S1 ba su bambanta sosai ba, sai ya ja matakan biyu kusan daidai. Launi kaɗai ba zai raba gardamar ba. Shi ya sa ta daɗe.

Don haka an koma ga bambance-bambance, inda kurakuran hanya suke soke juna. An gina maye gurbi, wato musanya amino asid ɗaya da wani, da aka san awonsu: A269T da F261Y, waɗanda rukunin Sakmar ya nuna a 1992 suna ja zuwa ja da nanomita 14 da 10, da A292S da E122Q masu ja zuwa shuɗi. Alkiblar ta fito daidai a A269T da A292S da E122Q. F261Y ya ba da wahala. Manhajar maye gurbi ta ajiye OH na sabon tairosin yana fuskantar nesa da zoben retinal, sakamako ya fito kusan sifili. OH ba caji ba ne, kai biyu gare shi, oksijin a negetif, haidurojin a fozitif, don haka inda ya fuskanta shi ke yanke alkibla. Sai da aka bar aljihun ya motsa na 'yan nanosakan kafin lissafin kwantum sannan alkiblar ta daidaita. Girman kuwa har yanzu bai kai na awo ba. Zargi yana kan cajojin MM da ba sa sauyawa: zoben tairosin na gaske lantarkonsa yana amsa zamewar cajin retinal, na samfurin ba ya amsawa.

14 ga Mayu, 2025

An fara sakin retinal a kan S1. Kowace tafiya tana farawa daga siffa da gudun atam da aka ɗebo daga kwaikwayon duhu, taki rabin femtosakan, da hanyar tsallaken mataki ta Tully ta 1990 da gyaran Granucci da Persico.

Abin da ake gani ya yi daidai da abin da aka sani. A femtosakan ashirin na farko babu juyawa, tsawon ɗauri ne ke sauyawa: tagwaye su miƙe, tilo su gajarce, C11=C12 ya saki ya zama mai murɗuwa. Sannan murɗawa ta kama, kullum ta gefe ɗaya, domin tun a duhu aljihun ya riga ya ɗan murɗe ɗaurin ta wannan gefen. Wajen digiri 90 S1 da S0 suna haɗuwa a wani mazurari, retinal ya zubo ƙasa. Polli da abokan aikinsa sun kama isowar nan da laser a 2010, wajen femtosakan 80. Retinal ba ya kaɗa rabin jikinsa kamar yadda ake zanawa a littattafan makaranta, babu fili a aljihun. Yayin da C11=C12 ke juyawa ta nan, C9=C10 yana ɗan juyawa ta can, ƙarshen biyu suna nan a wurinsu. Wannan ne motsin fedar keke da Warshel ya kawo a 1976, sai dai a rodofsin fedar ta biyu ba ta cika zagaye, komawa take yi.

Abin da ke yanke nasara ko faɗuwa a bakin mazurari shi ne haidurojin biyu na C11 da C12, masu kaɗawa waje da shimfiɗar sarƙar, motsin da ke fitowa wajen 970 cm⁻¹ a awon Raman. In tsallaken ya zo suna tafiya gaba, sai retinal ya miƙe. In ya zo suna dawowa, sai ya koma 11-cis. An ƙara wannan kusurwar da saurinta cikin abin da ake ajiyewa a kowane taki.

Tafiye-tafiyen da suka mutu a hanya yawancinsu kusa da mazurari suka mutu, inda obital ke sulalewa ko jimillar makamashi ta yi tsalle. Ba a jefar da su a yi shiru, domin in masu mutuwa sun fi yawa a ɓangare ɗaya, kason nasara zai karkace. Ana komawa taki goma baya a ci gaba da rubu'in femtosakan.

Game da adadi: in gaskiyar 0.65 ce, tafiya 20 tana da kuskuren 0.11 sama ko ƙasa, 50 tana da 0.07, 200 tana da 0.03. Da tafiya 20 ba za a iya bambanta 0.55 da 0.75 ba. An tsayar da 200 ga kowane samfuri, kuma ba za a rubuta kason nasara a kundin nan ba sai sun cika. Gwajin da zai fi tsauri shi ne aisorodofsin, mai retinal 9-cis a aljihu guda: yana sha a 485, ya fi jinkiri, kasonsa wajen 0.22 ne kawai. Samfurin da ya ba su biyun kaso ɗaya bai fahimci aljihun ba.

2 ga Yuni, 2025

Tafiye-tafiyen da suka yi nasara an bar su sun huce zuwa batorodofsin, wanda ke sha a 543 a tsananin sanyi. Retinal ya miƙe amma a murɗe, kusurwar C11=C12 ba ta kai 180 ba. Cooper ya auna a 1979 cewa wannan matakin yana riƙe da kimanin kilokalori 35 daga cikin 57 na ƙwayar hasken. Namu ya gaza haka a samfuran biyu. Ana zargin an bar aljihun ya saki fiye da kima yayin rage makamashi. Za a maimaita da daskarar da duk abin da ya wuce angistirom 4 daga retinal, a gwama da tsarin 2G87 na Nakamichi da Okada, da kuma hotunan fikosakan 1 da 10 da 100 da aka ɗauka da laser na SACLA a Japan da SwissFEL a Suwizalan aka buga a 2023.

Daga nan gaba lokaci ne ke hana ruwa gudu. Matakin da ke biye, Lumi, yana zuwa cikin nanosakan, Meta I mai 478 cikin maikrosakan, Meta II mai 380 cikin milisakan, inda furoton ke barin haɗin Schiff ya koma Glu113, ginshiƙi na shida ya buɗe waje, taransdusin, furotin da ke ɗaukar saƙon gaba, ya samu wurin kamawa. Milisakan ɗaya taki biliyan 500 ne. Ko da nanosakan 200 a rana, kwana 5,000 ke nan, sama da shekara 13. Kuma jadawalin ƙarfi ba ya iya ɗauke furoton daga wani atam zuwa wani. Kunnuwar furotin ba ta cikin wannan zangon aikin.

8 ga Yuli, 2025

Tafiye-tafiyen S1 suna ci gaba. A gefe an buɗe aiki biyu.

Na farko furotin masu ganin launi, na ƙwayoyin mazugi, waɗanda Nathans ya gano ƙwayoyin halittarsu a 1986. Na ja da na kore kowanne amino asid 364 ne, sun yi kama da kashi 96 cikin 100, kuma yawancin tazarar launinsu daga wurare uku take: 180 da 277 da 285, wato 164 da 261 da 269 a lissafin rodofsin. Ke nan F261Y da A269T na watan Afrilu su ne ainihin jarrabawar, kuma tunda girmansu bai fito ba tukuna, sai an shigar da zoben Tyr261 cikin ɓangaren kwantum ko an koma cajoji masu amsawa kafin a matsa. AlphaFold2, manhajar hasashen siffar furotin, tana ba da ƙashin furotin, amma babu retinal, babu ruwa, babu furoton. Akwai kuma kulorayid: furotin ja da kore suna riƙe da shi ta His197 da Lys200, yana ƙara jan launinsu zuwa ja. His197 ɗin nan shi ne ke zaune daidai gurbin Glu181. Inda za a ajiye kulorayid ɗin zai zama irin rigimar Fabrairu, don haka za a gwada wurare da dama a auna kowanne da bambancin launin da aka sani tsakanin mai kulorayid da marar shi.

Na biyu juyawa a duhu. Zafi kaɗai yakan juya retinal jefi-jefi, ƙwayar sanda ta aika saƙon haske alhali babu haske. Baylor da abokan aikinsa sun auna haka a idon biri a 1984, kusan sau ɗaya cikin sakan 160 a kowace ƙwaya, wanda ke nufin rodofsin guda yana iya zama ɗaruruwan shekaru bai juya ba. Lissafin Gozem da Olivucci na 2012 ya nuna cewa a ƙololuwar shingen da zafi ke tsallakawa, cajin retinal ya zame kamar na S1. Ke nan duk abin da ya ja launi zuwa ja yana rage shingen, abin da Barlow ya hango tun 1957. Za a nemo wannan ƙololuwar a samfuran biyu. A nan Glu181 yana dab da ɗaurin da ke murɗewa, kuma akwai yiwuwar shingen ya bambanta su fiye da yadda launi ya yi.

Bayan haka za a gina G90D, mayen da ke jawo dundumi na gado, inda sabon asfatet ke takara da Glu113 a kan Lys296. A can ma tambayar farko ita ce wanne cikin biyun ke riƙe da furoton, sai a haɗa da na Glu181, samfuri huɗu ke nan. An ware musu rabin lokacin GPU na watan Agusta, ɗaya rabin na aisorodofsin ne.